Kofunan Azurfa Na Ingila: Ƙirarsu Da Tambarinsu

A Babbar Kasuwar Kaduna, wadda yanzu a ke kira Kasuwar Shehu Abubakar Gumi, da wajen dillalan tsofaffin kaya na cikin gari, akan ci karo da waɗansu kofuna da butocin shayi farare, ƙirar Ingila, waɗanda su ka saura tun zamanin mulkin Turawa. Mai sayarwa ya kan ce azurfa ce tsantsa, mai saye kuwa ba shi da abin da zai ƙaryata shi ko ya gaskata shi. Ta haka wani ke biyan kuɗin azurfa ya tafi gida da tagulla mai shafe, wani kuma ya sayar da kofin da ya shekara ɗari biyu a bakin nauyinsa kaɗai, a kai maƙera a narke. Alhali kuwa kowane kofin kirki yana ɗauke da shaidarsa a jikinsa, sai dai a rasa mai karantawa. Nufinmu a wannan darasi mu koyi karanta shaidar nan, mu san yadda a ke ƙera kayan, don kada ɗan makaranta ya yi cinikin biri a sama.

Yadda Su Ka Zo Kaduna

A shekara ta 1917 aka taso da hedkwatar Lardunan Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna. Garin ya cika da hafsoshin soja da ma'aikatan Gwamna da Turawan kamfani. Al'adar mutanen Ingila ce su riƙa ajiye kayan azurfa a ɗakin cin abincin hafsoshi, su ba da kofi ga wanda ya ci tseren doki, su ba yaro kofi ran da aka raɗa masa suna, su ba ma'aikaci buta ran da ya bar aiki. Mafi shahara a cikin irin waɗannan a ƙasarmu shi ne kofin kwallon doki na Kaduna, wanda a ke kira Kofin Jojiya. Tun 1919 a ke kara wa a kansa, bankin da ya ba da shi kuwa shi ne wanda yanzu a ke kira First Bank. Ban da manyan kofuna irin wannan, akwai ƙanana da yawa waɗanda Turawa su ka bar wa barorinsu da kukunsu, ko aka yi gwanjonsu sa'ad da mai su zai koma gida. Su ne ke yawo hannu zuwa hannu har su faɗo kasuwa.

Azurfar Kanta

Azurfa zalla tana da taushi ƙwarai. In an ƙera kofi da ita ba gauraye, ba ya daɗewa zai lotse. Sabo da haka a ke zuba mata jan ƙarfe kaɗan don ta yi ƙwari. To, a nan ne ha'inci ke samun ƙofa, gama ido ba ya iya rarrabe wadda aka zuba wa kaɗan da wadda aka zuba wa da yawa. Don toshe ƙofar nan Ingila ta tsai da ma'auni guda, watau a cikin kowane kashi 1000 a sami 925 na azurfa, 75 na jan ƙarfe. Wanda ya fi son ƙaramin lissafi ya ce kashi 37 cikin 40. Ita ce a ke kira azurfar sitalin, da ita kuma aka yi ta buga kuɗin Ingila har 1920, sa'ad da aka rage ta koma rabi da rabi. Daga 1947 ba a ƙara sa azurfa cikin sulallan kashewa na Ingila ba.

Mu gwada da abin da kakanninmu su ka sani. Liyari, kuɗin nan mai kan Sarauniya Mariya Taresa da shekara ta 1780 a jikinsa, wanda maƙeran fari su ka daɗe suna narkewa su yi mundaye da zobba da kayan doki, azurfarsa kashi 5 ce cikin 6, watau 833 cikin 1000. Ashe kofin sitalin ya fi liyari kyawun azurfa.

Yadda A Ke Ƙera Kofi

A dā yaron da zai koyi sana'ar nan a Landan ya kan shekara bakwai a hannun maigidansa kafin a yarda ya kafa tasa maƙera. Kayan aikinsu ba su yi nisa da na maƙeranmu ba, akwai zuga-zugi da uwar maƙera da awartaki da magagari da sinadarin liƙi, sai dai gudumominsu iri iri ne, kowace da aikinta.

Da fari a narka azurfa a zuba ta zama curi. A yi ta bugun curin har ya baje ya zama faranti, sa'an nan a zana da'ira a yanke, kamar faifai. A ɗora faifan nan bisa kututturen itace mai ɗan rami, a bubbuga shi har ya lotsa kamar ƙaramar ƙwarya. Daga nan babban aiki ya fara. Maƙeri ya kifa ƙwaryar bisa wani turken ƙarfe mai santsin kai, ya riƙa bugunta daga waje, yana juyawa, layi bisa layi, daga gindi zuwa baki. Kowane zagaye ya kan tsuke ƙarfen kaɗan ya ɗaga shi sama. Amma azurfa in ta sha bugu ta kan taurare, in aka ci gaba sai ta tsage. Don haka bayan kowane zagaye sai a mai da ita wuta har ta yi ja-ja, a bari ta huce, a wanke, ta sake yin laushi. Haka za a yi ta yi sau da yawa kafin faifai ya zama kofi mai tsawo, ba ɗinki ko ɗaya a jikinsa.

In siffa ta fito sai a ɗauko wata guduma mai fuska kamar madubi, a bi jikin kofin da ita a hankali, bugu yana hawa kan bugu, har tabon gudumar farko ya ɓace. Wanda ya leƙa cikin tsohon kofi a wurin haske ya kan ga saurar sawun gudumar nan kamar ƙyallin ruwa in iska ta taɓa shi. Wannan alama ce ta aikin hannu. Hannun kofi da gindinsa da abin danna marfi dabam a ke yinsu, a liƙa da sinadari. Hannun manyan kofuna fanko ne, akan bar 'yar kafa a ƙarshensa don iska mai zafi ta fita lokacin liƙi, kada ta fasa shi.

Ado iri biyu ne, ya kamata mu rarrabe su. Akwai na sassaƙa, inda a ke yanke ƙarfen da tsinin ƙarfe mai kaifi, kamar rubutun suna ko alamar gidan mai shi. Akwai kuma na turawa, inda a ke cika kofin da baƙin ƙaro don ya tokare, a riƙa danna ƙarfen da 'yan turame marasa kaifi har furanni su taso, ba a cire kome ba. Shi na turawa ana ganin inuwarsa daga ciki. Masu aikin tasoshin tagulla na Bida sun san irin wannan aiki sarai. Waɗansu kofuna akan shafe cikinsu da zinariya. A dā da zaiba a ke kwaɓa zinariyar a shafa, a gasa, zaibar ta tashi hayaƙi ta bar zinariya, hayaƙin nan kuwa ya halaka lafiyar ma'aikata da yawa.

Tun wajen ƙarshen ƙarni na 18 injin murza ƙarfe ya sauƙaƙa aikin. Sai a sayi faranti shiryayye, a naɗe shi, a liƙe gefe da gefe, a sa gindi. Irin wannan kofi in an hura masa numfashi akan ga layin liƙin a tsaye, yawanci ƙarƙashin hannu. Ba jabu ba ne, amma bai kai na farko wahala ba.

Irin Kayan Da Maƙeransu

Akwai kofi miƙaƙƙe marar hannu. Akwai mai hannu ɗaya. Akwai babba mai hannu da marfi, wanda a ke ɗaga marfin da babban yatsa. Akwai mai hannu biyu, wanda a ke zagayawa da shi wurin biki, shi ne kakan kofunan gasa na yau. A zamanin dā har ƙoƙon kwakwa da ƙwan jimina su kan ɗaure da azurfa su mai da su abin sha. Butar shayi ta azurfa mafi tsufa da aka sani a Ingila ta 1670 ce, tana gidan ajiyar kayan tarihi na Biktoriya da Albat a Landan.

Kayan da su ka girmi 1660 ba su da yawa, domin a yaƙin basasar Ingila, wanda ya tashi a 1642, ɓangarorin biyu duka sun narke kayan azurfa sun buga kuɗi don biyan soja. A 1685 Sarkin Faransa ya soke dokar da ta ba wata ɗariƙar Kirista 'yancin addini, sai da yawansu su ka yi hijira zuwa Landan, a cikinsu da gwanayen maƙera. Daga zuriyarsu aka sami Paul de Lamerie, wanda ya rasu a 1751, ana kuwa lissafa shi gaba gaba cikin maƙeran azurfa na Ingila. Akwai Hester Bateman, mace ce, mijinta ya rasu ta riƙe maƙerarsa, ta yi rajistar tambarinta a 1761, ta yi aiki da 'ya'yanta har 1790. Akwai kuma Paul Storr, wanda ya rasu a 1844, ya ƙera wa gidan sarauta kaya.

Tambari

Yanzu mun iso zuciyar darasin. A 1300 Sarki Edwad na Ɗaya ya yi doka, kada a sayar da kayan azurfa sai an gwada an buga musu tambarin kan damisa. A 1327 aka ba ƙungiyar maƙeran zinariya ta Landan takardar izini daga Sarki, ita ce kuma har yanzu ke gwajin a Landan. Yadda su ke yi a dā, sai a kankare ɗan ƙarfe kaɗan daga kofin, a auna, a naɗe da dalma, a gasa cikin ɗan kasko na tokar ƙashi. Kaskon ya shanye dalma da jan ƙarfe, ya bar ƙwayar azurfa zalla, a sake aunawa. In ta kasa ma'auni sai a farfasa kofin a mayar wa maƙerin. A 1757 aka mai da hukuncin mai buga tambarin ƙarya kisa, daga baya a 1773 aka sassauta ya zama kora daga ƙasa shekara 14.

Tamburan ƙanana ne, da ƙyar su kai ƙwayar dawa. A neme su a gindin kofi ko kusa da baki wajen hannu, da gilashin ƙara girma. Ga su:

1. Tambarin maƙeri. Tun 1363 aka wajabta shi. Da fari 'yar alama ce, daga baya ya zama harufan farko na sunansa.

2. Zaki mai tafiya, ya ɗaga ƙafar gaba ɗaya. Ya fara a 1544. Shi ne shaidar sitalin a Ingila. Daga 1697 zuwa 1720 an tilasta ma'auni mafi girma, 958 cikin 1000, don a hana maƙera narke kuɗin ƙasa, tambarinsa kuwa mace ce zaune da mashi da garkuwa.

3. Tambarin garin da aka yi gwaji. Kan damisa na Landan ne, yana da kambi har 1821, daga nan aka cire kambin. Ƙugiyar tsai da jirgin ruwa ta Bamingam ce, kambi shi kaɗai na Shafil ne, garuruwan nan biyu kuwa a 1773 su ka sami ofishin gwaji. A 1975 Shafil ta koma fure. Gida mai soro uku na Edinbara ne.

4. Harafin shekara. Ya fara a 1478. Kafin 1975, a Landan akan bi haruffa 20, in sun ƙare a sake siffar rubutun da ta gidan da harafin ke ciki, a koma farko. Misali, ƙaramin a ya tsaya wa 1896, ya sake tsaya wa 1916 da wata siffa. Kafin 1975 kowane gari da nasa jerin, sai da littafin tambura a ke tabbatarwa. Daga 1999 ba tilas ba ne a buga shi.

5. Kan Sarki ko na Sarauniya. Shaidar an biya harajin azurfa ce, an buga shi daga 1784 zuwa 1890 kaɗai. Sai dai a lura, an sake buga kawunan sarauta don murna a waɗansu shekaru, kamar 1935 da 1953 da 1977.

Ko ba littafi, mai hankali ya iya kusantar shekarun kofin Landan. In damisa na da kambi, ba kan Sarki, kofin ya girmi harajin 1784. In ga kambi ga kan Sarki, tsakanin 1784 da 1821 ne. In ba kambi, ga kan Sarauniya Biktoriya, tsakanin hawanta a 1837 da 1890 ne. In ba kambi ba kai, bayan an soke harajin ne. Kofi mai marfi kuwa, lalle marfin ya zama da nasa tambari wanda ya dace da na jikin.

Mai Shafe Da Mai Gyara

Wajen 1743 wani mutumin Shafil, Thomas Boulsover, ya gano yadda a ke manne fallen azurfa bisa jan ƙarfe da wuta, a murza su tare. Irin wannan in ya tsufa akan ga ja yana leƙowa a gefe da kan ado. A 1840 gidan Elkington na Bamingam su ka yi rajistar shafe da lantarki, wanda ke ɗora azurfa siririya ƙwarai bisa wani ƙarfe. Shi ne ya cika otal da jiragen ruwa da gidajen ma'aikata. In ka ga haruffa EPNS, to shafe ne bisa gaurayen jan ƙarfe da nikal da tutiya. EPBM shafe ne bisa gaurayen kuza. A1 kuwa yabon kaurin shafen ne kawai. Masu yinsu su kan jera 'yan tambura huɗu ko biyar masu kama da na gaske, amma zaki ba ya cikinsu. Kayan nan ba laifi gare su, laifin na wanda ya sayar da su da sunan da ba nasu ba ne.

Maganaɗisu ba ya raba gardama, gama ba ya kama azurfa, ba ya kuma kama tagulla. Awo ya fi shi. Sitalin ya fi ruwa nauyi wajen sau 10.3, ƙarfen EPNS kuwa wajen sau 8.7. Kofin sitalin mai giram 311, watau oza 10 ta masu azurfa, in an nutsa shi duka ya kan ture ruwa wajen giram 30, na shafe mai nauyin nan kuwa wajen 36. Amma hannu fanko ya kan ɓata lissafin. Kada a yarda a goga magagari a jikin kofi don gwaji, tabon ba ya gyaruwa.

Akwai kuma na gaske da aka taɓa. A zamanin Biktoriya an ɗauki tsofaffin kofuna marasa ado an cika su da furanni, waɗansu an liƙa musu baki an mai da su butoci. Waɗansu an goge sunan mai su na farko, wurin ya yi siriri har ya kan lotsa in an danna da yatsa. Waɗansu ma an yanko tambari daga ƙaramin abu an liƙa a babba. Duk waɗannan suna rage daraja.

Hukunci Da Amana

Ba za mu rufe ba sai mun faɗi abin da malamanmu su ka karantar. A shari'a an hana Musulmi, namiji da mace, ci ko sha a ƙwaryar zinariya ko ta azurfa. Risala ta kawo hanin, Muhtasar ya haɗa har da ajiye ta, ya kuma ambaci saɓani game da mai shafe. An yarda wa namiji zoben azurfa da adon takobi da na Alƙur'ani, mata kuwa kayan adonsu. Wannan na cikin dalilan da su ka sa gwanintar maƙeran farinmu ta tafi wajen mundaye da warwaro da kayan doki, ba wajen kofuna ba. Wanda irin kofin nan ya faɗo hannunsa ta gado ko ta ciniki, ya tambayi malami abin da ya kamace shi.

Abin da mu ke roƙo kaɗai, kada a yi gaggawar kai shi wuta. Kofin nan mai giram 311 azurfar cikinsa giram 288 ce, kimanin ta liyari 12. Ita ce iyakar abin da mai narkewa zai biya. Amma sunan maƙeri da shekara da rubutun wanda aka ba da dalilin bayarwa, duk su kan tafi cikin minti kaɗan, ba mai komo da su. Rubutun da ke jikin kofin tsere ko na sallama wani yanki ne na tarihin Kaduna. A fara nuna shi ga ma'aikatan gidan tarihi na Kaduna, ko a kalla a kwafe tamburan da rubutun a takarda. In za a ajiye kafin nan, a wanke da ruwan ɗumi da sabulu, a share da tsumma mai laushi. Kada a sa toka ko yashi, kada a goge shi da ƙurar hunturu a kansa, gama su ne ke cinye tambari. Baƙin da azurfa ke yi daga farar wuta ta cikin iska ne, ƙwai da roba suna ƙara shi, ba kuwa alamar jabu ba ne.

Tambayoyi

1. Kofi yana da nauyin giram 400, yana da tambarin zaki. Giram nawa ne azurfa zalla a cikinsa?

2. An sami buta da kan damisa mai kambi da kan Sarki. Tsakanin waɗanne shekaru aka gwada ta, a wane gari?

3. Don me maƙeri ke mai da kofi wuta bayan kowane zagayen bugu?

4. Dillali ya nuna maka kofi mai tambura biyar, ba zaki, ga EPNS. Me za ka gaya masa, da wane lafazi, yadda ba za ka ci mutuncinsa ba?

5. Ku je wurin maƙerin fari na unguwarku, ku rubuto sunayen kayan aikinsa da yadda ya ke gane azurfa ta gari, ku gwada da abin da ku ka karanta nan. A kawo amsa ran Litinin.